Ƙungiyar Gudu ta Unguwa: Abin da Afirka ta Kudu Ta Gano

Wanda duk ya duba sanarwar mako-mako ta wata ƙungiyar gudu a Afirka ta Kudu, ƙananan abubuwa zai tarar a ciki. Za a jera sunayen waɗanda suka fito gwajin lokaci na tsakiyar mako, da mintunan da kowa ya yi a kilomita huɗu ko takwas. Za a faɗi inda za a haɗu ranar Lahadi da sassafe domin dogon gudu, da wanda zai tsaya da mota a bakin hanya yana raba ruwa. Za a tuna wa mambobi su sabunta lasisinsu na shekara, a taya wata uwa murnar kammala kilomita goma karon farko, a yi wa wani ta'aziyyar rasuwar mahaifinsa. Babu jaridar da za ta ɗora irin wannan a shafinta na farko, domin mutanen da ake ambata malaman makaranta ne da direbobi da ma'aikatan jinya da masu gadi, waɗanda akasarinsu ba za su taɓa ɗaga kofi ba. Duk da haka, a ganina waɗannan ƙananan labarai su ne ƙashin bayan wasan gudu baki ɗaya. Abin da ke riƙe mutumin da gudu ba sana'arsa ba ce, har ya shekara goma ko ashirin yana yi, shi ne jama'ar da ke jiransa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kowane mako. Ƙasar da ke son mutanenta su motsa jiki, wannan ƙaramar ƙungiya ya kamata ta fara kula da ita.

Hujja ta farko tana lardin KwaZulu-Natal, inda ake yin gasar Comrades tsakanin biranen Durban da Pietermaritzburg, tazarar da ta kusa kilomita 90 a kan hanya mai hawa da gangara. Vic Clapham, tsohon sojan da ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a Gabashin Afirka, shi ya ƙirƙiro ta domin tunawa da 'yan uwansa sojoji da suka kwanta dama a fagen daga. Ranar 24 ga Mayu, 1921, mutum 34 suka tashi daga Pietermaritzburg, 16 suka kai, kuma Bill Rowan ya zo na ɗaya cikin awa 8 da minti 59. A yau masu shiga sukan kai 20,000, kuma bisa al'ada bana a tashi daga wannan birni, baɗi a tashi daga wancan. Awa 12 aka ba kowa. Da zarar lokacin ya cika, wani jami'i yakan tsaya a layin ƙarshe, ya juya wa masu gudu baya, ya harba bindiga sama. Wanda ya rage masa taku biyar ya rasa lambar yabo, komai wahalar da ya sha tun asuba. A wannan awa ta ƙarshe dubban mutane ke tururuwar shigowa filin, wasu na ɗingishi, wasu abokan tafiya sun riƙe su ta kafaɗa, kowa sanye da rigar ƙungiyarsa da lambar lasisinsa a jiki.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce, ta yaya ƙasa ɗaya take samar da dubban talakawa da ma'aikata da ke iya gudun kilomita 90 a yini guda? Amsar tana cikin ƙa'idar shiga gasar. Ɗan Afirka ta Kudu ba ya shiga Comrades sai yana cikin ƙungiya mai rajista, yana kuma da lasisin hukumar guje-guje ta ƙasar, wato Athletics South Africa. Bayan haka sai ya kammala gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyar a wata gasa da aka amince da ita. Saboda haka duk wanda ya ga gasar a talabijin ta ba shi sha'awa, dole ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar wata ƙungiya a garinsu. A can zai tarar da tsofaffin hannu, ciki har da masu koriyar lamba, wadda ake mallaka wa wanda ya kammala gasar sau goma. Su za su hana shi gaggawa, su nuna masa yadda ake ƙara nisa a hankali, su gaya masa lokacin da ya dace ya huta. Ƙungiyoyin nan kuma su ke shirya ƙananan gasanni a tsawon shekara, mambobinsu ke tsayawa da tutoci a mahaɗar hanyoyi suna tare motoci, su ke jera ruwa a tebura. Babbar gasar yini ɗaya ce a shekara, sauran kwanakin duka aikin ƙungiya ne. Irin wannan gida ne ke sa mutum ya tsufa bai daina ba, kamar Wally Hayward, wanda ya fara cin gasar a 1930, ya kuma sake kammala ta a 1989 yana da shekara 80, cikin ƙasa da awa 11.

Hujja ta biyu ta fito ne daga wannan al'ada, sai dai a Ingila ta yi tsiro. Paul Sinton-Hewitt ya girma a Afirka ta Kudu, ya saba da gwajin lokaci na mako-mako da ƙungiyoyin can ke yi. A 2004 yana zaune a Landan, rauni ya hana shi gudu, amma bai so ya rabu da abokan gudunsa ba. Ranar Asabar, 2 ga Oktoba na wannan shekara, ya tara mutum 13 a lambun Bushy, suka yi kilomita biyar, shi kuma ya riƙe agogo ya rubuta lokutansu a takarda, daga nan aka tafi shan kofi tare. Asabar ta gaba aka sake, ta gaba ma haka. Wannan taro shi ya zama parkrun, wanda yanzu ake yi a wurare sama da 2,000 a ƙasashe fiye da 20. Ba a biyan ko sisi, 'yan sa-kai ke gudanar da komai, kuma akwai wanda aikinsa kawai shi ne ya taka a bayan kowa domin kada wani ya zama na ƙarshe. A shekarun farko matsakaicin lokacin kammalawa kimanin minti 22 ne, yanzu ya koma wajen rabin awa, kuma masu shirin suna ɗaukar wannan a matsayin nasara, domin yana nuna cewa tsofaffi da masu ƙiba da waɗanda ba su taɓa gudu ba sun shigo. A 2011 Bruce Fordyce, wanda ya ci Comrades sau tara, ya kai shirin lambun Delta da ke Johannesburg. A 2018 kuma ƙungiyar likitocin iyali ta Birtaniya ta ƙulla haɗin gwiwa da shirin, ta yadda asibitocin unguwa ke tura marasa lafiyarsu can ranar Asabar.

Mai karatu zai iya cewa gudu ai ba ƙwallon ƙafa ba ne, ba ya buƙatar mutum goma sha ɗaya, ƙafa da hanya kawai yake so, to mene ne na ƙungiya? Gaskiya ne mutum na iya gudu shi kaɗai, kuma akwai masu ƙarfin hali da ke yin hakan shekaru. Amma yawancin mutane farawa ba ta yi musu wuya, ɗorewa ce ke gagararsu. Wanda ya ɗaura niyya shi kaɗai, ranar da sanyi ya yi yawa ko barci ya yi daɗi babu mai tambayarsa. Wanda ya san mutum biyar na tsaye a bakin titi suna jiransa, kunya kaɗai ta isa ta tashe shi. Tsarin ya yi kama da adashi, inda kowa zai iya tara kuɗinsa a gida, amma sanin cewa uwar adashi za ta aiko ranar zubi shi ke sa kuɗin ya taru. Masu bincike sun auna wannan tasiri. A 2017 Sinan Aral da Christos Nicolaides na jami'ar MIT a Amurka suka wallafa nazarin da suka yi kan masu gudu sama da miliyan ɗaya cikin shekara biyar. Sun yi dabarar duba abokan da ke zaune a garuruwa masu yanayi daban, ta yadda idan sararin sama ya yi kyau a garin wani ya ƙara gudu, sai su ga ko abokinsa na wani gari zai ƙara. Suka gano cewa idan abokan mutum suka ƙara kilomita ɗaya, shi ma yakan ƙara kimanin kashi uku cikin goma na kilomita. Wannan tsakanin waɗanda ke ganin sakamakon juna ta waya ke nan, balle waɗanda ke haɗuwa ido da ido.

Ɗorewar nan kuwa ita ce inda amfanin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa kai wannan mizani. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa sama da mutum biliyan ɗaya ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma mafi yawansu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A ɗaya ɓangaren, wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2014 ya bi mutum sama da 55,000 na tsawon kimanin shekara 15. Ya nuna cewa masu gudu sun fi marasa yi ƙarancin haɗarin mutuwa da kashi 30 cikin 100 a tsawon lokacin, ta fuskar cututtukan zuciya kuwa da kashi 45. Abin lura shi ne, hatta masu sassarfar minti biyar zuwa goma a rana sun samu wannan riba, kuma waɗanda suka ɗore shekaru suna yi su suka fi cin moriya. Ke nan ba kilomita 90 ake nema ga kowa ba. Rabin awa sau uku a mako ya isa, muddin za a yi ta yi ba fashi, kuma rashin fashin nan shi ne aikin da ƙungiya ta fi kowa iyawa.

Akwai masu tsoron cewa gudu yana cinye gwiwa, ko kuma mutum na iya yanke jiki ya faɗi. Wannan tsoro ba abin rainawa ba ne, amma alƙaluma sun rage masa nauyi. Wani bita da aka yi a 2017, wanda ya haɗa sakamakon bincike da dama, ya gano ciwon gaɓoɓin gwiwa da ƙugu a jikin kashi 3.5 cikin 100 na masu gudu don lafiya, alhali a wajen masu zaman wuri ɗaya ya kai kashi 10.2. Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan gasa masu tsananin horo, da kashi 13.3. Game da zuciya, wani nazari na 2012 ya duba mutum miliyan 10.9 da suka shiga gasannin dogon gudu a Amurka daga 2000 zuwa 2010, ya samu mutum 59 da zuciyarsu ta tsaya. Haɗarin yana nan, kuma ya fi kusa da wanda ke da ɓoyayyen ciwon zuciya ko wanda ya ɗora wa jikinsa abin da bai saba ba. Shi ya sa wanda ya manyanta, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, ko yake jin ciwon ƙirji da haki mara dalili, ya wajaba ya ga likita kafin ya fara. A nan ma ƙungiya kariya ce. Sabon shiga da ke shi kaɗai shi ne ke ɓarkewa da gudu ranar farko ya kwanta mako biyu. A cikin ƙungiya za a haɗa masa tafiya da sassarfa, minti ɗaya gudu minti biyu tafiya, a gaya masa ya riƙe saurin da zai iya hira a cikinsa, har cikin makonni tara ko goma ya kai kilomita biyar. Idan kuma wani abu ya faru a hanya, akwai wanda zai ɗaga shi.

Suka mafi nauyi ita ce ƙungiya na iya zama katanga. Tarihin Afirka ta Kudu ya tabbatar da haka, domin fiye da shekara hamsin Comrades ta turawa maza ce kaɗai a hukumance. Frances Hayward ta yi gudun a 1923, Robert Mtshali ya yi a 1935, dukansu sun kai ƙarshe amma ba a lissafa su cikin 'yan gasa ba, ita don mace ce, shi don baƙar fata ne. Sai a 1975 aka buɗe ƙofa ga mata da baƙaƙen fata, kuma sai a 1989 Sam Tshabalala ya zama baƙar fata na farko da ya ci gasar. Ko a yau kuɗin lasisi da na rajista da na takalmi da na mota suna iya hana talaka shiga. Haka kuma duk inda aka tara kuɗin jama'a, rigimar shugabanci da zargin ma'aji ba sa nisa. Wannan duka gaskiya ne, kuma darasinsa shi ne a lura da yadda ake gina ƙungiyar tun daga tushe. Da aka rushe katangar launin fata, ƙungiyoyin ma'adinai da na unguwannin baƙaƙe su suka cika gasar da gwanaye. Shirin parkrun kuma ya nuna cewa ana iya cire kuɗi daga lamarin ɗungurungum. Ƙungiyar da ba ta karɓar kuɗi mai yawa, take karanta lissafinta a gaban kowa, take juya aikin riƙe agogo da raba ruwa tsakanin mambobi, ta toshe mafi yawan ƙofofin fitina. Manomi da ɗan dako da ke aikin ƙarfi yini guda ba su ne abin damuwa a nan ba. Waɗanda zama ke ci su ne mai shago da tela da direba da ma'aikacin ofis da matar da ba ta fita, kuma yawancinsu ba masu kuɗi ba ne.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin uzuri guda uku da ake yawan kawowa, wato zafin rana, da ganin cewa gudu zubar da girma ne ga magidanci, da batun mata. Zafi gaskiya ne, musamman a bazara, amma ƙungiyoyin ƙasashe masu zafi da sassafe suke fita, kuma mutanen da suka saba tashi sallar asuba sun riga sun mallaki lokacin da ya fi dacewa da gudu a duk yini. Da azumi ana iya rage nisa a mayar da fitar bayan buɗa-baki. Batun girma kuwa, magidanci ɗaya da ke gudu a titi shi ake bi da kallo, amma mutum ashirin da suka haɗa da limami da malamin makaranta da ɗan kasuwa ba mai yi musu kallon mamaki, don haka taron ma sutura ne. Ga mata, malaman hadisi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a karon farko, ya tsere mata a na biyu. A 2006 Ruƙayya Al-Gassra ta ƙasar Bahrain ta ci zinare a tseren mita 200 na wasannin Asiya sanye da hijabi da suturar da ta rufe jikinta. Filin makarantar 'yan mata mai katanga, da rana da lokacin da aka keɓe musu, da mace mai jagorantarsu, sun wadatar a kafa reshen mata ba tare da an saɓa wa addini ko al'ada ba.

Saura masu ganin cewa idan ana son bunƙasa gudu, babbar gasa za a shirya a zuba kyauta mai tsoka. Najeriya ta gwada wannan hanya. Tun 2016 ake yin gudun yada-ƙanin-wani na Legas, tun 2013 kuma ake tseren kilomita goma na Okpekpe a jihar Edo, kuma 'yan Kenya da Habasha ne suka fi kwashe manyan kyaututtukan. Gasannin suna da amfani, suna jawo hankali, suna sa matasa sha'awa. Amma sha'awar da ba ta tarar da gidan sauka ba takan mutu kafin mako ya zagayo. Gwanayen Gabashin Afirka ma a cikin taro suke horo, a garuruwa irin Iten na Kenya da Bekoji na Habasha, inda yaro ke tashi ya ga manya na fita gudu rukuni-rukuni kowace safiya. Gasar birnin New York, wadda yanzu ke cikin mafi girma a duniya, ƙungiyar 'yan sha'awa ce da aka kafa a 1958 ta haife ta, kuma a karon farko a 1970 mutum 127 ne kacal suka tashi, 55 suka kammala. A Durban da Landan da New York tsarin ɗaya ne, ƙungiya ke zuwa da farko, gasa ta biyo baya. Hukumar da ta kashe kuɗi kan biki na yini ɗaya ta bar filayen unguwa a kulle, ta bar titunan babu fitila babu tsaro, ta fara gini daga sama.

Abin da ake buƙata domin kafa irin wannan ƙungiya bai taka kara ya karya ba. Ana son wuri sananne da kowa zai iya zuwa da ƙafa, da rana da lokacin da ba sa canzawa ko mutum uku ne suka fito, da hanyar da aka auna nisanta, da wanda zai riƙe agogo, da littafin rubuta suna da lokacin kowa, da mutum ɗaya da zai tsaya a baya tare da mafi rauni. A riƙa sanar da sakamakon kowane mako, a ambaci na ƙarshe kamar yadda aka ambaci na farko, domin wanda ya ga sunansa a rubuce yakan so ya dawo ya rage minti ɗaya. Shugabannin makarantu da ƙananan hukumomi su buɗe filayensu da sassafe, ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa leƙowa suna auna jinin mambobi, masu unguwanni da limamai su sa albarka. Kai kuma mai karatu, kada ka jira sai an kafa maka. Nemi maƙwabta huɗu ko biyar, ku tsayar da safiyar Asabar mai zuwa, ku fara da tafiya da sassarfa na minti ashirin, sannan ku yi alƙawarin sake haɗuwa a wurin mako na gaba.